Rundunar Rum da Ta Kasa Hawan Ganuwa

 A shirinmu na kimiyya na yau za mu yi magana a kan wasa. Kada wani ya ce wasa ai na yara ne, ya kashe rediyonsa. Wasan da mu ke nufi ɗaruruwan ma'aikata ne suka yi shekaru suna gininsa, mutum fiye da miliyan guda suka saya, kuma rigimar da ta biyo bayan fitowarsa ta nuna abubuwa biyu da suka cancanci a sani: iyakar wayon kwamfuta, da yadda amana ta ke tsakanin mai sana'a da mai saye.

Irin wasan da mu ke nufi

Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya ya kalli dara ya san abin da a ke kira dabara. Ka haƙa gurabe a ƙasa, kai da abokin karawarka kowa ya riƙe 'ya'yansa 12, kowa yana neman ya jera uku ya ci ɗaya. Ƙarfin damtse ba ya amfani a nan. Wanda ya fi hangen nesa shi ne da nasara. To, akwai wasannin kwamfuta masu irin wannan hali, a kan kira su wasannin dabara. Maimakon 'ya'yan dara, sai a ba ka ƙasa guda da garuruwanta da baitulmalinta da rundunarta, a ce ka mulka. Abokin karawarka kuwa, yawanci, kwamfutar ce da kanta.

Daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni akwai jerin wasannin da a ke kira Total War. Wani kamfani ne ya ke gina su, sunansa Creative Assembly, a garin Horsham da ke kudu da Landan a Ingila. An kafa shi a 1987, kuma a 2005 kamfanin Sega na Japan ya saye shi. Wasan farko na jerin, Shogun, ya fito a shekara ta 2000, a kan yaƙe-yaƙen Japan na da. A 2004 suka fitar da Rome, a kan daular Rum, wanda ya yi kyau har gidajen talabijin a Ingila da Amurka suka yi amfani da injinsa wajen nuna wa jama'a yadda a ke yaƙi a zamanin da.

Wasan hawa biyu ne. A hawa na farko kana duban taswira, kana gina kasuwa da barikin soja, kana aza haraji, kana aika jakadu, kana tura runduna. In ka gama sai ka danna maɓalli, kwamfuta ta yi wa sauran ƙasashe nasu yin, kamar yadda a ke karɓa-karɓa a dara. In runduna biyu suka haɗu, sai a sauko hawa na biyu, watau fagen fama. Nan babu jira. Dubban dakaru da barade da 'yan baka, har da giwaye, duk suna motsi a lokaci guda, kai kuwa kana ba da umurni kamar sarkin yaƙi.

Alkawari da kuɗin kafin alƙalami

A 2012 kamfanin ya ba da sanarwa zai yi Rome II, watau magajin wancan wasa da mutane suka ƙaunata. Ya ce kuɗin da aka ware masa ya ɗara na kowane wasa da suka taɓa yi da kashi 40 cikin 100. Ya nuna wa duniya hoton yaƙin Kartaj, birnin da Rumawa suka rushe a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda kufansa ya ke kusa da Tunis. Jiragen ruwa suna sauke soja a bakin gaɓa, hayaƙi ya turnuƙe, ana gwabzawa titi titi. Kowa ya gani ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.

Sai aka buɗe ciniki tun kaya ba su iso ba. Aka ce wanda ya biya kafin ranar fitowa za a ba shi gyara, watau ƙasashen Girka uku, Atina da Sparta da Epirus, waɗanda mai zuwa daga baya sai ya biya dabam. Mutane suka yi ta biya. Kamfanin da kansa ya faɗi cewa masu biya tun da wuri sun ninka na wasan da ya gabata, Shogun 2, sau shida ko fiye. Ku riƙe wannan a zuciya, domin shi ne tushen fushin da ya biyo baya. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ranar 3 ga Satumba, 2013

A wannan rana wasan ya fito. Mutum fiye da 100,000 suka shiga buga shi a lokaci guda ta kasuwar wasanni ta intanet da a ke kira Steam. Kafin mako ya zagayo, murna ta koma ciki.

Waɗansu wasan ya ƙi tashi a kwamfutarsu sam. Waɗansu ya tashi, amma yana tafiya da ƙyar kamar jakin da aka yi wa lodi ya yi yawa, ko da kuwa kwamfutar mai tsada ce. Hoton da suka gani bai kai na tallan Kartaj kyau ba. A kan taswira akwai ƙasashe fiye da 100, kuma sai kowace ta yi nata yin kafin naka ya zagayo, har mutum ya kan zauna mintoci yana kallo kawai.

Abin da ya fi ba da haushi, ya kuma fi ba da dariya, shi ne halin sojan da kwamfuta ke jagoranta. Runduna ta kan zo gaban birni ta tsaya cirko-cirko a bakin ganuwa, 'yan baka suna ta harbinta, ba ta ci gaba ba, ba ta koma ba. Sojan Rum, waɗanda tarihi ya san su da tsayuwa sahu-sahu, da an gwabza sai su cakuɗe kamar 'yan kasuwa ranar gobara. Yaƙin da ya kamata ya ɗauki lokaci sai ya ƙare cikin 'yan mintoci. An kafa tutoci a fili, aka ce wanda ya riƙe wurin tuta shi ya ci yaƙi, sai ya zama mai tsaro dole ya bar tudun da ya fi masa amfani ya je ya tsare wani fegi. A teku kuwa, jiragen jigilar soja, waɗanda a kan samu kyauta da zarar runduna ta taka ruwa, suna iya nutsar da jiragen yaƙi na gaske da aka kashe wa dukiya. Mutane suka ɗauki hotunan jirage suna ratsa tudu kamar a mafarki, suka baza a YouTube, duniya ta sha kallo.

Wata ma'auna da ke tattara ra'ayin masu sharhi, Metacritic, ta ba Rome na 2004 maki 92 cikin 100, ta ba Shogun 2 maki 90. Rome II ya samu 76. Masu saye kuwa hukuncinsu ya fi wannan tsanani nesa ba kusa ba.

Me ya sa kwamfuta ta kasa?

Ga tambayar da ta shafi shirinmu. A 1997 wata kwamfuta ta kamfanin IBM, mai suna Deep Blue, ta doke Garry Kasparov, gwanin duniya a wasan ces, watau darar Turawa. Ƙaƙa za a ce bayan shekara 16 kwamfuta ta kasa kai soja kan tsani?

Amsar farko tana cikin bambancin filin wasan. Allon ces gida 64 ne kawai. Kowane ɗa yana da tafiyarsa ƙayyadadda, kowa yana ganin kome, kuma ɗaya bayan ɗaya a ke yi. Deep Blue tana iya duba yanayin allo kamar miliyan 200 a daƙiƙa guda, kuma ba ta da wani aiki sai wannan. Fagen fama na Rome II ba shi da gidaje. Akwai tudu da kwari, da kurmi da kogi, da lunguna da ƙofofi. Sa'an nan ba ƙatuwar na'ura ce ta kamfani ke lissafin ba, kwamfutar ɗaki ce ta mai saye.

Amsa ta biyu ita ce lokaci. Domin ido ya ga motsi sumul, sai kwamfuta ta zana sabon hoto aƙalla sau 30 a kowace daƙiƙa. A cikin wannan ɗan ƙyaftawar ido za ta lissafa inda kowane soja ya ke, wa ya sari wa, ina kibiya ta faɗi, ina inuwa ta ke, yaya hayaƙi ya ke tashi. Abin da ya saura na lokaci shi a ke ba tunanin sarkin yaƙi. In aka ƙara wa hoto kyau, tunani ya kan samu ƙarancin rabo.

Ku ɗauki neman hanya kaɗai. Ɗan akuya ya san yadda zai zagaye katanga ya shiga gida, amma kwamfuta sai an koya mata da lissafi. A 1968 waɗansu masana uku a wata cibiyar bincike ta Stanford a Kalifoniya, Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael, suka fito da wata dabara domin wani mutum-mutumin inji da su ke koya wa yawo cikin ɗakuna. Dabarar ita ce a raba fili gida-gida, a kowane mataki a haɗa nisan da aka riga aka yi da kintacen nisan da ya rage, a fara gwada wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta. Yawancin wasannin kwamfuta da wannan dabara su ke aiki, ko da 'ya'yanta da jikokinta. Ga mutum ɗaya tana aiki sarai. Amma ku kwatanta ƙungiyar soja 160 da aka ce su tafi a sahu, su bi ta ƙofa mai faɗin mutum shida, alhali wata ƙungiya tana fitowa, ƙofar tana cin wuta, kuma wani sashen ganuwa ya rushe yanzu-yanzu ya buɗe hanyar da babu ita ɗazu. In maginin wasa ya manta da hali ɗaya daga cikin dubu, sojan ba su da hankalin da za su cike giɓin. Sai su tsaya kawai. Abin da a ke kira wayon kwamfuta a irin wannan wasa dokoki ne da mutum ya rubuta: in ka ga kaza, yi kaza. Inda doka ta ƙare, nan wayon ya ƙare.

Turawa suna kiran irin wannan kuskure da sunan ƙwaro. Tsohuwar kalma ce ta injiniyoyi, amma a 1947 aka samu ƙwaro na gaske, dangin malam-buɗe-littafi, ya maƙale cikin wata kwamfuta a jami'ar Harvard. Ma'aikatan suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu. Ƙwarin yau ba su da fukafukai, suna ɓoye ne cikin layukan umurni da ba su ƙirguwa, kuma sau da yawa in ka kashe ɗaya sai ka tayar da biyu.

Amsa ta uku ita ce gwaji. Bari mu yi ɗan lissafi na misali. A ce kamfani yana da masu gwaji 50, kowa yana aiki awa 40 a mako, har mako 50. Jimla awa 100,000 ke nan. To, ranar da mutum 100,000 suka zauna suka buga awa ɗaya tak, sun yi gwajin shekara guda cur. Kuma kowannensu da irin kwamfutarsa: wannan injin lissafinsa na kamfani kaza ne, katin hotonsa na wani kamfani dabam, wancan nasa tsoho, wancan sabo fil. Babu ɗakin gwaji a duniya da zai tara dukkan waɗannan.

Duk wannan gaskiya ne, amma ba ya wanke kamfanin. Sojan da ke tsayawa a bakin ganuwa ba sai da kwamfuta dubu za a gan su ba, duk wanda ya buga wasan kwana biyu zai gani. A nan ne ciniki ya shigo. A zamanin da a ke sayar da wasa a faifai kaɗai, abin da ka buga shi ke nan, babu gyara, saboda haka dole ka yi hattara. Da intanet ta zo, sai ya yiwu a aika wa mai saye gyara har ɗakinsa. Wannan gyara sunansa faci, daidai da facin da mai gyaran keke ya ke yi wa tayar da ta huje. Alheri ne babba, amma ya zo da jaraba. An riga an sa rana, an biya kuɗin talla, an karɓi kuɗin jama'a, sai zuciya ta ce: a fitar haka nan, a yi faci daga baya. Sauri kuwa ya kan haifi nawa.

Fushin masoya

Abin lura shi ne, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya su ne waɗanda suka fi kowa son wasan. Mutum ne da ya buga Rome yana yaro a 2004, ya jira shekara tara, ya biya tun bai gani ba. A lokacin kuwa Steam ba ta da ƙa'idar mayar da kuɗi ga kowa da kowa. Wanda ya saya ya saya. Bakinsa kaɗai ya rage masa, sai ya yi amfani da shi.

Cikin masu kukan akwai iri biyu. Akwai masu zagi da cin mutuncin ma'aikata, waɗanda yawancinsu ba su ne suka sa ranar fitowa ba. Wannan bai gyara ko soja ɗaya ba. Akwai kuma waɗanda suka zauna suka rubuta dalla-dalla: ga irin kwamfutata, ga abin da na yi, ga abin da ya faru, ga hotonsa. Irin wannan rahoto zinariya ne a wurin injiniya, domin ba ya iya kashe ƙwaron da bai iya sake tayar da shi a gabansa ba. Waɗansu ma ba su jira kamfani ba, suka shiga cikin wasan da kansu suka sake masa awo. Wani gyara na masoya mai suna Divide et Impera ya yi suna ƙwarai, har akwai waɗanda ba su buga wasan sai da shi.

Abu ɗaya ya ƙara wa wutar mai. A ƙarshen Oktoba na 2013, wasa bai gama warkewa ba, kamfanin ya fito da wani ƙari na sayarwa wanda ke nuna jini a fagen fama. Mutane suka ce: ba ku gama ɗinka rigar da muka biya ba, kuna tallan hula.

Amsar kamfani

Kamfanin bai ɓuya ba, wannan kam sai a faɗa. Cikin kwanakin farko shugaban masu tsara wasan, Mike Simpson, ya fito ya ba da haƙuri da sunansa. Ya ce kimanin kashi 2 cikin 100 na masu wasa ne suka kawo ƙarar matsalar na'ura, kuma ko wannan ya yi yawa. Maganar kashi 2 ɗin ba ta yi wa mutane daɗi ba, domin waɗanda wasan ya tashi a kwamfutarsu lafiya su ma suna ganin shirmen sojan. Darasi ke nan ga duk mai ba da haƙuri: in ka haɗa shi da lissafin da ke rage girman laifi, lissafin za a ji, a manta da haƙurin.

Abin da ya yi aiki shi ne facin. Na farko ya fito cikin makon farko, aka kuma yi ta fitar da su kusan mako mako a farkon al'amari. Kamfanin ya ɗauki wata hanya mai kyau: kafin a aika wa kowa faci, sai a ba masu so su gwada tukuna su kawo rahoto. Ta haka masu kuka suka zama abokan aiki. Aka rage jiran zagayowar ƙasashe. Aka cire tutoci daga yaƙin fili. Aka rage saurin faɗa domin dabara ta samu wurin aiki. Aka rage ƙarfin jiragen jigila. Aka yi ta koya wa kwamfuta yadda a ke kewaye birni. Aka kuma ba da waɗansu ƙasashe kyauta.

A 16 ga Satumba, 2014, shekara guda da 'yan kwanaki bayan fitowar farko, aka fitar da sabon zubi mai suna Emperor Edition, wanda shi ne faci na 15. An sake tsarin gine-gine da na siyasa da awon yaƙi, aka ƙara sabon babi a kan yaƙin basasar da ya kai Augustus ga sarautar Rum. Duk wanda ya riga ya sayi wasan, kyauta aka ba shi. Da yawa suka ce wannan ne wasan da ya kamata a sayar musu tun farko. Aiki bai tsaya nan ba. A 2017 aka sake gyara siyasar wasan, a 2018 kuma aka ƙara bishiyar zuriya ta gidan sarauta, abin da masoya suka yi shekara biyar suna roƙo. Zuwa ƙarshen Maris na 2014 Sega ta ce an sayar da kofi miliyan 1.13, kuma a 2023, shekara goma bayan fitowarsa, dubban mutane suna buga shi kowace rana.

Ba kowane kuka a ke bi ba

Kada a ɗauka sauraron jama'a shi ne yin duk abin da mai ƙarfin murya ya ce. A Maris na 2018 aka ƙara wa wasan daulolin hamada, cikinsu har da Kush, wadda babban birninta Merowe ta dā ya ke a bakin Nilu, arewa da Kartum. Masu sauraronmu na Sudan sun san dalar-dalar kabarin sarakunanta. A wannan shekara aka sa mata suna iya zama shugabannin runduna a waɗansu ƙasashe. A Satumba sai waɗansu suka tayar da ƙura, suka yi ta zuba wa wasan mugun maki, suna cewa an ɓata tarihi.

A wannan karo kamfanin ya duba ya ce ba zai sauya ba. Ya bayyana lissafinsa a fili: a Rum da Girka da Kartaj babu mace shugabar runduna, a waɗansu ƙasashe damar tana tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100, a Kush kuwa rabi da rabi. Tarihi yana da abin cewa a nan, domin sarauniyoyin Kush, masu laƙabin Kandake, sun yi mulki na gaske, kuma ɗaya daga cikinsu, Amanirenas, ta yaƙi sojan Rum a zamanin Augustus. Bambancin kukan 2013 da na 2018 a fili ya ke. Na farko cewa ya yi kayan da aka saya ba ya aiki, kuma ana iya auna wannan. Na biyu ra'ayi ne a kan yadda ya kamata a zana duniyar wasan, kuma a nan mai gini yana da ikon tsayawa a kan nasa, muddin ya faɗi dalilinsa.

An koyi darasi?

Sai mu ce an koya, an kuma manta. A 2023 kamfanin ya sake ɓata wa masoyansa rai, wannan karo a kan tsadar kaya. A Disamba na shekarar wani babban jami'insa, Roger Collum, ya rubuta wasiƙar ba da haƙuri. Aka rage kuɗin sabon wasansu na Masar ta dā, Pharaoh, daga kusan dala 60 zuwa kusan dala 40, aka mayar wa waɗanda suka riga suka saya rarar kuɗinsu, kuma a Yuli na 2024 aka faɗaɗa wasan ƙwarai kyauta.

Ba kowa ne ya kan samu damar gyara ba. A Maris na 2013 ɗin nan dai, wasan gina birni mai suna SimCity ya fito a Amurka da sharaɗin sai da intanet a ke buga shi, na'urorin kamfanin kuwa suka kasa ɗaukar jama'a. An ba da haƙuri, an ba da wani wasa kyauta, amma sai bayan shekara guda aka cire sharaɗin da mutane suka ƙi. A Maris na 2015 aka rufe ma'aikatar da ta gina shi. A cikin wannan wata wani ƙaramin kamfani na ƙasar Finlan ya fitar da nasa wasan gina birni, Cities: Skylines, jama'a suka koma can.

Doka da kasuwa su ma sun motsa. A Yuni na 2015 Steam ta kafa ƙa'ida cewa wanda ya sayi wasa yana iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14, in bai buga shi ya kai awa biyu ba. A Oktoba na shekarar wata dokar kare masu saye ta fara aiki a Biritaniya, wadda ta ce kayan da a ke saukewa ta intanet su ma dole su dace da yadda aka siffanta su, in ba haka ba a gyara ko a rage kuɗi. Sai dai awa biyu ba ta isa a gane lafiyar wasan dabara ba, domin ciwonsa ya kan bayyana ne bayan an yi nisa.

To, jama'a, ga abin da za mu ɗauka. Ga mai saye, gani ya kori ji: hoton talla ba shi ne kaya ba, kuma jiran mako biyu a ji daga bakin waɗanda suka gwada ba ya rage kome. In kaya ya zo da aibi, a faɗi aibin dalla-dalla, ba tare da zagi ba, domin wannan ne ya ke kai wa ga gyara. Ga mai sana'a kuwa, ko maginin wasa ne, ko tela, ko makaniki, in aka ce masa gyara kayanka, ba a ce sauke mu raba ba. Mutanen Horsham sun ba da haƙuri cikin 'yan kwanaki, amma sai da suka yi shekara guda suna faci kafin a fara yarda da su, kuma har bayan haka akwai waɗanda suka daina biyan kuɗin wasa kafin su gan shi.

A nan za mu dakata. Wanda ya ke da tambaya a kan abin da ya ji, ko a kan wani fanni na kimiyya, ya rubuto mana, za mu amsa gwargwadon iko.